Ƙofar da Na Sa Aka Toshe

Jama'a, wannan abu da ni ya faru, ba a majalisa na ji shi ba, kuma wallahi ko yanzu da na zauna zan ba ku shi sai da tsigar jikina ta tashi. Shekarun baya ne, lokacin ina sana'ar gyaran injin ban ruwa. Da rani ba ni da wurin zama, yau ina Tiga wajen masu tumatir, jibi a kira ni Badafi, kafin in juya an ce injin wani ya tsaya a can Doguwa, sai in yi wata ban leƙa gida ba. Matata Rabi ta gaji, ni ma na gaji, ga 'yarmu Ummi da ba ta wuce shekara huɗu ba har ta fara yi min ƙyuya in na dawo. To a nan ne dabara ta zo min, irin dabarar nan da mutum ke jin ya fi kowa kai.

Akwai wata tsohuwar bas a wani gareji a Bebeji, ta daɗe a yashe har kaji na saka ƙwai a ƙarƙashinta. Na saye ta, na tayar da injin da hannuna, na ciccire kujerun kaf. Kafinta ya buga mana gado a baya, na kafa durom ɗin ruwa, na ware wa Rabi lungun risho da tukwane, kayan aikina kuma suka hau sama. Sai dai matar aure ai ba ta zauna kowa na leƙenta ba, don haka na sa mai walda ya rufe tagogi da langa-langa, ya toshe ƙofar fasinja gaba ɗaya, shiga da fita sai ta wajen direba. Mutane suna ta tsokanata wai ga Bafulatanin mota, ni kuwa ko a jikina.

Da farko daɗi kamar me, in gama aiki in tarar da tuwona da zafinsa a bakin fadama. Abu ɗaya ne ya tsaya min a rai, motar nauyi gare ta. Mu uku ne kacal, amma ta zauna a kan sifirin tayoyinta kamar an cika ta da mutane ranar kasuwa.

Ranar da muka fara shiga dajin Falgore za mu Doguwa, rana tsaka, sai na ji an bubbuga jikin motar daga ciki, bam bam, irin bugun fasinja in zai sauka. Na ce, "Maman Ummi, lafiya?" Ta ce ita ma ni za ta tambaya. Wa zai tsaya a dajin nan? Na ƙara wuta. Da za mu dawo, daidai wurin, aka sake bugawa, wannan karon da ƙarfi har kwanuka suka zubo. Haka duk wucewa, ni kuma da taurin kaina ina cewa ai wani ƙarfe ne ya kwance.

Sai Ummi ta canja. Yarinya mai surutu ta koma ba ta son abinci, ta wuni a zaune gaban toshasshiyar ƙofar nan, hannunta ɗaya a ɗage kamar an riƙe shi. Ta rame, idanu suka faɗa, mun je asibiti an auna ba a ga komai ba, an yi tofi an sha rubutu, shiru. Wata safiya ina shan koko ta ce, "Baba, Iya ta ce kullum sai ka wuce da su." Na ce wace Iya? Ta ce, "Wadda take riƙe min hannu." Innalillahi! Kokon nan ban san inda ya zube ba.

A tashar Kiru wani dattijo tsohon direba ya gane motar, ya zagaya ta, ya tsaya a ƙofar ya daɗe. Ya ce, "Yaro, kafin ka toshe nan ka sauke fasinja?" Na ce, "Baba, wane fasinja, motar da ta shekara da shekaru a gareji?" Ya girgiza kai ya ce su a zamaninsu, ko da mota babu kowa, in an iso sai an buɗe ƙofa an ce mai sauka ya sauka, don ba duk wanda ya hau a hanyar dajin nan ido ke gani ba. Wannan motar kuwa a hanya ta mutu, janyo ta aka yi, ba wanda ya faɗi hakan. Ya ce in je inda ake bugun da rana, in buɗe in faɗa, amma mu riƙe 'yarmu da kyau.

Na sa aka yanke waldar a Tudun Wada na ɗaure ƙofar da igiya, Rabi ta goya Ummi ta tamke da zani biyu. Muna isa aka buga, na tsaya, na kwance igiyar na buɗe ƙofar, na yi bisimilla na ce, "An iso, mai sauka ya sauka."

Na rantse da Wanda raina ke hannunsa, matakalar ƙofar nan ta fara ƙara, ƙiiit, ƙiiit, ɗaya bayan ɗaya, motar tana ɗagowa a hankali, ciyawar bakin titi tana kwantawa babu iska babu kowa. Can sai hannun Ummi ya miƙe ƙyam ta gefen goyon, aka ja, Rabi ta zame har bakin matakala tana ihu. Na rarumo ƙugunta na tokare ƙafa da ƙarfen gado, Ayatul Kursiyyu na farko na tsakiya duk ta cakuɗe min a baki, ina jin zanin goyon yana yagewa. Ban taɓa jin tsoro irin na ranar ba. Sai kawai aka saki, muka zube mu uku.

Ummi ko kuka ba ta yi ba. Ta ɗaga wa daji hannu, ta juyo ta ce, "Ta ce ba komai, in na girma zan biyo ta nan, za ta jira ni."

A satin na sayar wa 'yan gwangwan motar. Ummi ta warke sarai, yau ko ka tambaye ta ba ta tuna komai, ni kuma ban sake barin ta bi hanyar nan ba, ko biki ko rasuwa. Su wane ne, daga ina suke, har yau ban sani ba. Ni dai shawarata, duk wanda ya sayi tsohon abu da mutane suka daɗe suna shiga, mota ce ko ɗaki, kada ya yi gaggawar toshewa, ya buɗe ya yi sallama tukuna, ya tambayi manya.

Kuma ku sa mu a addu'a. Ummi ta isa aure, yaron da take so mutumin kirki ne, na bincika ban samu abin da zan ƙi shi da shi ba. Ɗan Doguwa ne, iyayensa sun ce a can za a kai amarya, kuma hanyar guda ɗaya ce.