Hannun Inna a Bayana

Ni ce 'yar fari a wurin Inna, kuma a ƙauyenmu da ke cikin fadamar Kirikasamma wannan ba ƙaramin hukunci ba ne. Uwa ba ta faɗin sunan ɗan farinta, ba ta yi masa wasa, ba ta haɗa ido da shi a gaban mutane. Kunya ce, haka ita ma aka yi mata. Da aka yaye ni sai aka miƙa ni ɗakin kakata, a cikin gidan dai. In Inna tana son in ɗebo ruwa sai ta dubi ƙanwata ta ce, "Gaya wa waccan randa ta bushe." Ina tsaye ina ji.

Bayan rasuwar kakata aka kai ni Haɗejiya wurin goggona saboda makaranta. A ƙauye tsokanata ake yi da tsawo, wai sandar tuƙin kwalekwale. Tsawon nan shi wani tela a layinmu ya gani, ya roƙi goggo ta bar ni in riƙa saka ɗinkinsa na Sallah yana ɗaukar hoto. Ya tsayar da ni jikin bango ya ce in ɗaga haɓa, in daina sunkuyar da kai kamar marar gaskiya. Ranar na fara sanin cewa ana iya kallon mutum ba don ya yi laifi ba, kuma abin ya yi mini daɗi fiye da yadda ya kamata.

Hotunan suka yi ta yawo a wayoyi har masu atamfa da leshi na Kano suka aiko nemana. Can na koyi taku, na koyi murmushin da ba ya gajiya. Da na ƙoshi da zama gunkin rataye kaya sai na shiga wata ƙungiyar wasan dandamali, muna bin makarantu da ɗakunan taro. Daga nan fim ya ɗauke ni. Kusan kullum a matsayin ɗiyar wata mata nake fitowa, don daraktoci sun ce fuskata ta dace da kuka. Iyayen fim kuwa ba su san kunya ba, su rungume ka, su shafa kanka, su kira sunanka har ka gaji da ji. In an tashi aiki kowa ya kama gabansa, ni kuma in koma ɗakin haya in ci abinci ni kaɗai a gaban madubi.

Wata damina ƙanwata ta bugo waya ta ce jikin Inna ya ƙi daɗi. Ruwa ya riga ya cinye hanya, dole na bar mota na shiga kwalekwale, muna kutsawa cikin kacalla, ciyawar nan da ta toshe mana kogi. Kafin mu isa labari ya riga ni. Matan gari sun cika gidan, kowace tana kiran sunana, wata na tambaya ko da gaske mugun mijin nan na fim mugu ne.

Inna tana zaune kusa da murhun banda tana juya kifi, ciwo bai hana ta ba. Ta rame har awarwaronta yana zamewa zuwa gwiwar hannu. Ya kamata in durƙusa daga nesa in gaishe ta, ta amsa tana kallon wuta. Na san wannan sarai. Amma jikina ya saba da wani abu dabam, kuma na ji tsoron kada in koma ban taɓa ta ba. Na ratsa matan, na zube, na rungume ta.

Jikinta ya sandare, ƙamshin hayaƙi da man kaɗanya ya cika mini hanci. Sai na ji tafin hannunta ya sauka a tsakiyar bayana, ya ɗan daɗe a wurin.

"Sake ni," ta ce a hankali. "Mutane na kallo."

Wannan ce magana ta farko da na tuna ta yi da ni kai tsaye. Na sake ta. Ta miƙe da ƙyar ta shige ɗaki, wata tsohuwa ta yi dariya ta ce, "Yo 'yar nan, nan ma fim ɗin ne?" Aka yi dariya, ni ma na taya su, don dariyar dole ai sana'ata ce.

Har na bar garin Inna ba ta sake zama inda nake ba. Ta ba ƙanwata ƙunshin bandar kifi ta ce a ba waccan. Kafin a yanke shinkafa ta rasu, ina wurin ɗaukar fim.

Ba na jin haushinta, kewarta nake yi, kewar matar da ban sani ba. Mutanen da ban taɓa gani ba suna tsayar da ni a kasuwa su ce suna ƙaunata, in yi godiya in wuce. Abin da nake son sani babu mai gaya mini. Na tambayi ƙanwata, ta ce ita ta gaba take tsaye, ba ta ga hannun ba. Har yau ban sani ba ko riƙe ni Inna ta yi, ko ture ni take shirin yi.