Fartanyar da ba ta son wuta

Har in koma ga Allah ba zan manta da wata ranar Laraba a wakshof ɗinmu na Ɗambatta ba. Ku yaran yanzu da kuke ɓata rai don an ɗauke wuta na awa ɗaya, ku matso ku ji.

Shekarun tsuke bakin aljihu ne, lokacin da ko sabulu sai an bi layi. Ina mai walda mataki na biyu a ƙarƙashin wani shirin bunƙasa noma na gwamnati. Aikinmu gyaran tarakta da garmar shanu, to amma kayan gyara sun daina shigowa, taraktocin duk sun zauna a kan duwatsu, kaji na ƙwai a ciki. Sai labari ya zo daga hedikwata cewa za a turo jami'i ya duba. Wakshof ɗin da aka tarar ba ya tsinana komai, rufe shi za a yi, ma'aikata kowa ya kama gabansa. Ni kuwa ga iyali, ga tsohuwata a Zakirai, ba ni da ko taƙin gona.

Foman ɗinmu, wato shugaban masu aikin hannu, Malam Habu ne, mutumin Makoda, jikan maƙera. Mutum ne da in tunani ya kama shi, sai ya sa hularsa a baibai ya wuni a haka. Wata safiya ya shigo yana cewa, "Garba, mun tsira! Me ke cinye fartanya?"

Na ce, "Ƙasa, Oga."

Ya ce, "To, za mu yi wadda ƙasa za ta gaji ta bari."

Dabarar ita ce: a yi jikin fartanya da ƙarfen banza mai taushi, a yanko sifirin ɗin matattun motoci, wanda ƙarfensa ke da tauri, a yi baki da shi. Waldar lantarki tana tsattsaga irin wannan ƙarfe, don haka da wutar gas muke narka tagulla ta bi tsakaninsu ta riƙe, kamar yadda ƙaro ke riƙe takarda. Tagullar ma babu ita a sito. Tsofaffin kwaɗuna da kawunan famfo muka bi kasuwa muna tsinta, Malam Habu ya ƙara dalma don ta yi auki. Ya dai faɗa mana cewa dalma na sa ta saurin narkewa, muka ce ai sauƙin gas muka samu.

Wallahi fartanyar ta yi kyau. Na sara marmara da ita, bakin ko gezau. Ana dab da faɗuwar damina muka baza su a kasuwa, ruwan fartanya zalla babu ƙota, yadda aka saba sayarwa. Kafin la'asar an wawashe.

Ga inda Allah ya rufe mana ido. Duk wanda ya tashi a karkara ya san yadda ake sa ƙota: a tura ƙarfen cikin garwashi, a yi ta fifita har tsinin bayansa ya yi ja, sannan a soka a icce ya ƙona wa kansa hanya. Ba wanda ke auna iya inda wuta ta taɓa, don fartanyar maƙera ba ta damu ba. Tamu kuwa, da ta ji wuta sai tagullar ta narke, bakin ya saki. Dukkanmu mun yi wannan aiki da hannunmu tun muna yara. Amma daga foman har maigadi, ba wanda ya tuna.

Ranar Larabar nan da hantsi muka ji hayaniya. Na leƙa, sai ga manoma cike da harabar, kowa da fartanya a kafaɗa, iya ganina babu mai baki ko ɗaya. A gaba akwai sarkin noman wani ƙauye, Baba Ɗanlami, dattijo mai murya kamar injin niƙa.

Ya ce, "Ina Habun? Fito! Ni tawa a cikin toka na tsinci bakinta. Wannan bawan Allah kuwa sara ɗaya ya yi, bakin ya tashi sama, saura kaɗan ya aske wa jakinsa kunne. Ruwa ya sauka, ciyawa ta fito, da farce za mu yi noma?"

Malam Habu ya fito yana ba da haƙuri, hula a baibai. Baba ya ɗaga yatsa, ya fara, "Kakanka na san shi, da yana raye..." Sai ga farar mota ta shigo ƙofa.

Malam Habu ya yi ƙasa da murya ya ce, "Baba, mutumin Kano ne. Shi zai ce a rufe mu ko a bar mu."

Dattijon ya dube shi, ya dubi motar, yatsan nan na sama. Sannan ya sauke hannu, ya juya ya yi wa jama'a wani kallo. Nan take fartanyoyi suka koma bayan riguna, bakunan fartanyar da ake ɗaga mana suka shige aljihu. Mutanen da suka zo cinye mu ɗanye suka jera kamar masu jiran ɗaurin aure.

Jami'in ya fito da kwat da takalmi mai sheƙi, ya ga taro, ya ce, "Masha Allah, ashe ana zuwa wurin nan!" Yana cikin gaisawa da Baba, aljihun wani ya yage, bakin fartanya ya faɗo kan siminti, ƙwal! Ya sunkuya ya ɗauka, ya juya shi, ya ce, "Foman, mene ne wannan?"

Baba Ɗanlami ya yi caraf ya ce, "Ranka ya daɗe, ba zan yi maka ƙarya ba. Bakin fartanya ne. Yaran nan sun yi abu mai kyau, mu muka kai shi wuta, su kuma ba su ce kar mu kai ba. Tsakaninmu ne, za mu gyara. In ka rufe, kai ka koma Kano, mu ka bar mu da ciyawa."

Jami'in ya ce shi ba zai rubuta abin da bai gani ba, a nuna masa guda ɗaya mai aiki. Muka dubi juna. Ko ta gwaji ba mu rage ba.

Can baya sai wani ya ce, "Ga tawa." Jama'a suka fashe da dariya. Tanko ne, wanda duk ƙauyensu aka sani da son jiki, kallo kawai ya biyo su. Hura wuta ya yi masa wuya, sai ya cusa tasa a tsohuwar ƙota ya toshe da tsumma.

Jami'in ya tuɓe kwat, ya naɗe hannun riga, ya nufi wani kututturen sabara a bakin shinge. Da ganin riƙonsa ka san ɗan manoma ne. Ya sara, ya sake sara, saiwar ta rabu biyu. Ya shafa bakin da yatsa, ya ƙara kai wa marmara, ya sake shafawa. Sai ya ce, "Foman, daga yau kada wadda ta fita nan sai da ƙotarta. Kuma a rage dalmar nan." Ya tambaya ko zai samu guda biyu ya kai wa mahaifinsa. Na juya baya na share ido, na ce hayaƙin gas ne.

Muka raka mota har ƙofa, Baba na ɗaga hannu yana Allah ya kiyaye hanya. Tana shan kwana ya juyo, ya ɗaga yatsan nan daidai inda ya sauke shi, ya ce, "To, baƙo ya tafi. Kakanka, da yana raye..." Sai da ya kai aya, Malam Habu na tsaye yana cewa, "Gaskiya ne, Baba."

Muka kira masassaƙa suka zauna a harabar, su suna sa ƙota, mu muna mayar da baki, har kowa ya samu ya yi noman farko. Tanko kuwa har ya rasu yana cewa shi ya ceci gwamnati.

Abin da na koya, in kun ƙera abu, ku bi shi a zuci har gidan mai saye, ku ga me zai fara yi da shi kafin ya kai gona. Mutanen nan kuma ku riƙe su da mutunci. Na ci albashi har na yi ritaya saboda wani dattijo ya haɗiye faɗansa har baƙo ya tafi.