Hoton Mai Bindigar Ganin Wata

Cikin shekarun saba'in ina koyarwa a wata firamare a ƙasar Doguwa, ina kuma aika wa wata jaridar Hausa labaran yankinmu. Ina da wata tsohuwar kyamara da na saya a Kano, kuma wallahi na ɗauki kaina wani abu saboda ita. Ko akuya ce ta haifi uku sai na ɗauka na aika.

A ƙauyen da nake zaune, nan bakin dajin Falgore, akwai wani tsoho mai bindigar gargajiya, irin wadda ake ɗura wa albarushi ta baki. Aikinta ɗaya ne. In an ga watan azumi ko na salla sai ya buga sau uku, ƙauyukan kewaye da rugagen Fulani su ji su san abin da ake ciki. A wurin mahaifinsa ya gaji aikin. Tsumma yake cusa mata maimakon harsashi, kuma ko zomo bai taɓa harba ba. Naman daji ma ba ya ci, wai ƙaiƙayi yake sa masa.

Ni na lallaɓa shi ya tsaya a ƙofar masallaci da bindigar a kafaɗa. Na ce masa duniya za ta san al'adarsu. Na ɗauka, na rubuta ɗan labari, na aika. Shiru, ba a buga ba, har na manta.

Bayan kusan wata biyar, ranar kasuwa, direban da ke kawo mini jarida daga Tudun Wada ya sauka yana ɗaga ta sama kamar ya tsinci wani abu. Kafin ta iso hannuna ta zaga tasha, ta shiga rumfar mahauta ta fito. A shafin farko ga labarin ɓarayin namun daji da ke ƙarar da gwanki da mariri a Falgore, a ƙarƙashinsa kuma ga tsohon nan yana murmushi da bindigarsa. An sa almakashi an yanke masallacin da ke bayansa, an manna shi a tsakiyar wasu itatuwa da aka zana da hannu.

Washegari dagaci ya aika aka karɓo bindigar. Ya san sarai tsohon ba mafarauci ba ne, amma ya ce ba zai zauna malaman daji su zo su same ta a ƙauyensa ba. Zai riƙe ta a wurinsa sai magana ta kwanta.

Ran Asabar na hau mota sai Kano. Tun daga Tudun Wada har muka wuce mararrabar Bebeji ina shirya baƙaƙen maganganu a raina. Na tarar da mai tsara shafin jaridar, wani ɗan gaye mai fensir a bayan kunne, yana shafa gam a takarda.

Na ce, "Malam, wa ya ce maka mutumin nan ɓarawo ne?"

"Ba wanda ya ce. Labarin yana neman ado, mai zanenmu ba ya nan, na buɗe durowa na ga mai bindiga, na zana masa 'yan itatuwa da kaina."

"Ado? Uban wasu ne fa!"

"Ai ba mu sa sunansa ba."

Wannan magana har yau in na tuna ta sai raina ya ɓaci. Wane suna ake nema a ƙauyen da kowa ya san adadin haƙoran da suka rage a bakin mutum? Na yi masa bayani har muryata ta dushe. Na ce in mai zane ya zana mafarauci, ba ɗan kowa ba ne, ba shi da gida balle surukai. Amma hoto shaida ne, wanda ya gan shi cewa zai yi ga mai laifin an kama. Ya saurare ni tsaf, sannan ya ce shi a wurinsa duk abin da ba rubutu ba ne cike gurbi ne, inci huɗu ya rage masa a shafi, kuma hoton ya zauna daidai. Ya ma yaba mini, wai na iya ɗaukar haske.

Edita ya fi shi kunya. Ya ba ni haƙuri, ya yi alkawarin gyara, ya kuma cika. Bayan mako biyu gyaran ya fito, layi huɗu a shafi na bakwai, ƙarƙashin tallan maganin tari.

Na kai wa tsohon har zaurensa. Na durƙusa na gaishe shi, na miƙa masa. Ya juya takardar gaba da baya.

"Malam, ina nake a nan?"

"Babu hoto, Baba. Rubutu ne, sun ce ba ka da laifi."

"To. Su mutanen garin nan ai fuskata suka gani."

Haushin mai fensir nake ji, ina jin na dagaci, amma na kaina ya fi, don ni na ce ya tsaya. Can sai ya tashi ya shiga gida, ya fito da farar rigarsa ta Juma'a. Ya tsaya a bakin zaure ya buɗe tafukan hannuwansa biyu.

"Sake ɗaukata haka, ka kai musu. A ga ba na riƙe da komai."

Na ɗauka. Ban amince wa gidan waya ba, da kaina na kai. Mai tsara shafi ya karɓa, ya ɗaga shi wajen taga ya duba da kyau, ya miƙo mini abina.

Ya ce, "Wannan ai tsoho ne kawai a tsaye. Me za a yi da shi?"

Duk ranar kasuwa tsohon yakan zo tasha ya zauna, ya jira a buɗe jarida a gabansa shafi-shafi. Ya yi damina biyu yana zuwa. Ni kuwa har aka ɗauke ni daga garin ban iya gaya masa hoton yana cikin akwatina ba.