Zaren Malam Wali Tela

A layin teloli na Fagge kowa ya san Malam Wali, ko da ba don ɗinkinsa ba, don gemunsa. Duk Juma'a sai ya sha lalle ya yi jawur, wai don kada furfura ta samu wurin zama. Tun yana saurayi yake kan keken ɗinki guda, baƙi mai zanen zinare, kuma ko kuɗin kujerar Makka aka ba shi ba zai sayar ba.

Shekarar da soja suka miƙa mulki a karo na biyu, teloli sun sha aiki. Ga tutocin jam'iyya, ga rigunan magoya baya, kowa yana so a gama masa jiya. Malam Wali kuwa duk wanda ya kawo yadi mai kauri ko aikin gaggawa, sai ya ce a kai gaba. Mutanen layi suka riƙa cewa dattijo ne mai tsantseni, ba ya taɓa kayan siyasa. Shi dai yana ta karɓar yabo.

Gaskiyar maganar ita ce shekara biyu ke nan ba ya ganin kafar allura. Babban ɗansa Habibullah, malamin makaranta, ya taɓa cewa, “Baba, ranar da ido ya gaza, keken nan gida zai koma, ku zauna ku huta.” Shi kuwa a wurinsa zaman gida da kwanciyar jinya duk ɗaya ne. Sayen tabarau kuma ai shelar gazawar ce, balle shi da ya shekara yana tsokanar masu sawa.

Sai ya ɓullo da dabara. Ba ya barin zare ya fita daga allura. In wannan ya kusa ƙarewa, sai ya ɗaura sabo a bakinsa da ƙaramin ƙulli, ya ja a hankali har ya wuce. Shi ya sa ba ya gudu, ba ya taɓa kaki. In tsautsayi ya sa zaren ya tsinke, sai ya rufe shago ya ce ya tafi ta'aziyya, ya miƙe Sabon Gari wurin Emmanuel mai gyaran keken ɗinki, abokinsa na shekara talatin. Emmanuel ya biyo shi da ɗan gwangwanin mai, ya zura zaren, ya koma abinsa.

Neman maganin tsufa kuwa, babu irin wanda bai yi ba. Zuma da habbatus sauda da safe, tafarnuwa da rana har abokan hira suka ja baya, man damo a gwiwa. Wata rana a shagon Emmanuel ya fito da wata kwalba da ya saya a bakin tashar jirgin ƙasa, mai hoton tsoho yana tsalle. Ya miƙa wa Amarachi, 'yar Emmanuel da ke karatun likita, ta karanta masa.

“Baba, wannan sukari ne da kala,” in ji ta, tana dariya.

“To ku da kuke yanka gawa, me kuka gano? Me ke kawo tsufan?”

Ta ce a cikin jikin mutum akwai wasu zarurruka da ido ba ya gani, kowanne da ɗan abin da ke tsare bakinsa, ana ce masa telomiya. Duk sanda jiki ya sabunta kansa, sai bakin ya ɗan ragu.

Malam Wali ya gyara zama, an zo fanninsa. “Kamar bakin mazagi ke nan. To ai sai a ɗaura sabo a ja.”

“Shi masana ke ta nema, Baba. Ba su iya ba tukuna.”

“Ba su tambayi tela ba ne.”

Emmanuel ya ce, “Malam, kai fara da zaren da ake gani mana.”

“Imanu, kai da gyaran ƙarfe aka san ka, ba da wa'azi ba.”

Ran wata Asabar Habibullah ya zo shago da shaddarsa, ya zauna a benci wai zai jira. Emmanuel ma yana nan yana shan rake. Malam Wali ya hau ɗinki, ga idon ɗa a kansa, ƙafa ta ɗan yi sauri, sai ji aka yi ƙas, allura ta karye. Ya laluba ya ɗaura sabuwa, wannan kam hannu ya saba. Ya lashi bakin zare, ya kai, ya wuce ta gefe. Ya sake, ya wuce. Ya fara waigen takalminsa.

“Baba, wa ya rasu kuma?” in ji Habibullah a hankali. “Watan jiya na ƙirga ta'aziyya tara, mai unguwa kuwa uku ya sani.”

Emmanuel ya cire tabaransa, ya ajiye kusa da almakashi, ya ce zai je ya wanke hannu, ya fita yana laluben ƙofa.

Malam Wali ya daɗe yana duban tabaran nan. Sannan ya ɗauka ya maƙala. Ga kafar allura a buɗe kamar ƙofar gari. Sau ɗaya ya kai zaren ya shige. Ya kuma ga ɗinkin da ke gabansa ya ɗan karkace, ya yi sauri ya rufe da hannu.

Habibullah ya ce, “Tunda ku kuka zura da kanku, ni ban ga idon da ya gaza ba. Litinin sai mu je a auna muku naku.”

Emmanuel ya dawo yana yarfe hannu. Malam Wali ya ɗaga kai ya dube shi sama da ƙasa.

“Subhanallahi! Imanu, ashe haka ka tsufa ba wanda ya gaya mini?”

“Ba ni abina, Malam.”

“Sai Litinin,” in ji shi, ya taka keke.