Direba Bang da Allurar Barci

Bang Chun-sik bai taɓa yarda an yi masa allurar barci ba. Duk shekara biyu, in lokacin gwajin ciki ya zagayo, sai ya je asibiti ya kwanta ta gefen hagu, ya cije robar nan da ake sa wa mutum a baki, a zura masa bututu mai kyamara ta maƙogwaro har tumbi yana ji yana gani. Ya yi ta kakarin amai, hawaye da yawu su jiƙe tawul, minti biyar an gama, ya goge baki ya koma ya ja bas ɗin ƙarfe ɗaya. A tashar bas ta Jeongseon ana ba da labarin nan kamar wata bajinta. Shi kuwa tun farko ba jarumtaka ta sa shi ba, yinin aikin da allurar ke ci ne ba ya son ya yi asara, don duk wanda aka yi wa ita ba a barinsa ya taɓa sitiyari sai washegari.

Shekara talatin da ɗaya yana kan hanya ɗaya, daga gari zuwa ƙauyen Gamul can ƙarshen kwari, sawu huɗu a yini. Kwana ce bayan kwana, dutse a dama, kogi can ƙasa a hagu. Matasa sun watse birni, saura tsofaffin mata masu noman kabeji da dankali, su ne fasinjojinsa. Ya san wadda ke da ciwon gwiwa da sai an jira ta, ya san wadda in ba a gan ta a bakin titi ranar kasuwa ba sai an yi mata hon sau uku. Matarsa ta rasu shekara shida da suka wuce. Ɗansa guda yana aikin ƙera jirgin ruwa a Ulsan, sai waya. In ka cire bas ɗin nan daga rayuwar Chun-sik, abin da zai rage ɗaki ne da talabijin da tukunyar dafa shinkafa.

A ɗakin hutawar direbobi kuwa, in an rasa abin hira sai a tono Gil-su, wani direba abokin aikinsu. Shi ne aka taɓa yi wa allurar, yana farfaɗowa ya kama hannun matarsa ya yi ta kiran sunan mai sayar da kofi ta bayan tasha.

"Wallahi ban san na yi ba!" in ji Gil-su kullum. "Ni dai na ji an ce in ja numfashi, na buɗe ido na ga matata tana ɗaure jaka ba ta kallona."

"Kwana nawa ta ƙi yi maka girki kana cin taliyar leda?"

"Ku dai bari. Yaya Bang ne mai wayo, shi ba ya yarda a buɗe masa ciki da baki lokaci guda. Yaya, wace ce kake ɓoyewa a Gamul? Mai sandar ko mai haƙora biyun?"

Chun-sik ya kan ce masa ya je ya wanke motarsa, ƙazami kawai, a yi dariya a tashi. Amma tun kakar bara dariyar ta daina kai masa ciki, don yanzu kam akwai abin da yake ɓoyewa, kuma ba mace ba ce.

Karo na farko, abin ya same shi ne a watan goma. Yana tafe lafiya lau, sai ya ji ihun tsofaffi a bayansa, "Direba, ka wuce! Direba!" Ya duba, ashe ya bar matsaya biyu a baya, kwana huɗu masu wuya ya sha a tsakani, kuma ko ɗaya bai tuna ba. Ba gyangyaɗi ya yi ba. Tsohuwar da ke kujerar gaba ta ce idonsa biyu, yana ta tauna baki kamar mai cin wani abu. Ya ce tunani ne ya ɗauke shi. Na biyu, ya tsinci kansa tsaye cak a tsakiyar gada, inji na aiki, ba kowa a motar. Na uku a watan huɗu, ƙarar ƙarfe ce ta dawo da shi: gefen bas na gogar shingen da ke tsakaninsa da kogi, da mutum tara a ciki. A tasha ya ce wata motar kabeji ce ta matse shi. Manaja Pyo ya zagi direbobin kabeji kaf har iyayensu, aka shafa fenti, magana ta mutu.

Ya san abin da ya kamata ya yi, wane ne bai sani ba? Kullum da safe in yana ɗaura igiyar takalmi sai ya ce yau zai shiga ofis ya faɗa. Kullum kuma sai ya wuce ƙofar ofishin ya ɗauki makulli. Tsoro yake ji, tsoro na gaske, na kada ya kashe matan nan, amma tsoron zaman ɗaki ya fi ƙarfinsa da ɗan kaɗan, kuma ɗan kaɗan ɗin nan ya isa.

Ana cikin haka ranar iyaye ta zo. Surukarsa Mi-ran, matar ɗansa, uwar jikarsa Sori, ta taso tun daga Ulsan ta maƙala masa jan fure a ƙirji, ta durƙusa ta miƙa masa ambulan da hannu biyu. Ya ɗauka kuɗi ne irin na kowace shekara. Ashe takardar cikakken gwaji ce a babban asibiti a Wonju, tumbi da hanji, da allurar barci, an biya an sa rana.

"Baba, bana kam ba za ku sha wahalar nan ba. Barci kawai za ku yi, ku tashi an gama."

"Ni ba na son barcin. A yi mini yadda na saba."

"Haba Baba, na hanji fa ba a yin sa ido biyu, sai dai mai taurin rai. Baban Sori ya ce in kun ƙi, to shi ma ba zai yi nasa ba. Ni zan kai ku in dawo da ku, na riga na ɗauki hutu."

To, wa ke mayar da kyautar ranar iyaye? Suruka ta sha hanyar awa huɗu, fure na ƙirjinka, maƙwabta na leƙe ta katanga suna cewa Bang ya yi dacen 'ya'ya. In ya ƙi, ya ci mutuncin yarinya, kuma sai an tambayi dalili. Ya karɓa da hannu biyu ya ce sannu da ƙoƙari, maman Sori. Sati uku ya yi yana kallon ambulan ɗin nan a kan firji kamar sammacin kotu.

Ranar da aka sa, ya iso asibitin ciki fayau, ya kwana biyu ba kimchi, kabejin nan mai yaji, ba wake, ya sha ruwan wankin hanjin nan mai ɗanɗanon gishiri da lemo har ya rasa inda zai sa kansa. Aka ba shi riga da wando mai ƙofa a baya. Mutum wajen ashirin zaune a layi, kowa da irin wandon, kowa ya sunkuyar da kai. Ta ɗaya ƙofar ana turo waɗanda aka gama wa a kan gado, ana jera su bayan labule. Ashe ba barci suke ba kamar yadda ake faɗa. Wani dattijo ido buɗe yana ba silin umarni a kwashe barkono kafin ruwa ya sauko. Wata mata tana kuka tana ba wani haƙuri. Wani saurayi ya tashi zaune ya tambayi nas yaushe za a fara, ta ce an gama tun ɗazu, ya ce to, ya kwanta, ya sake tashi ya sake tambaya.

Da nas ta zo sa masa allura a bayan hannu, ya rage murya.

"'Yata, in mutum ya yi surutu a ciki, kuna rubutawa?"

Ta yi dariya ba ta ko ɗago ba. "Baba, mutum sittin muke yi a yini. In na riƙe abin da kowa ke faɗa ai sai in haukace. Ba barci ba ne sosai, in mun ce ku juya za ku juya, in mun ce ku haɗiye za ku haɗiye. Mantawa kawai za ku yi."

Wannan amsar ba ta kwantar masa da hankali ba ko kaɗan. Jiki na aiki, ido biyu, mai jikin ba ya nan: ai ya san wannan, ba sai a asibiti ba.

Aka kwantar da shi ta hagu, aka maƙala masa wani abu a yatsa da ke ƙara tit, tit, aka sa masa robar baki. Ya ƙudurta a ransa ba za ta ɗauke shi ba. Zai yi ta jero matsayun hanyarsa ɗaya bayan ɗaya har a gama, in ya riƙe hanya ya riƙe bakinsa. Ya ga farin ruwa kamar madara yana bin siririn bututu zuwa hannunsa. Wani sanyi mai ɗan zafi ya hau masa dantse. Tasha. Kasuwa. Makarantar da aka rufe. Gidan mai. Fitilar sama ta yi laushi, muryar likita ta koma can nesa. Gada ta farko.

Cokali ne a hannunsa.

Yana zaune a shagon kunun shinkafa da ke tsallaken asibiti, sanye da kayansa, har da hula. Rana ta take. Mi-ran na gabansa, nata kwanon ba ta taɓa ba, idonta ya yi ja. Ya dubi takalmansa, an ɗaure igiyar irin ɗaurinsa. Shi ya ɗaure ke nan. Shi ya tsallaka titi, shi ya zauna, kuma babu ko ɗaya a kansa.

"An gama?"

"An gama, Baba. Tumbi lafiya, hanji an cire ɗan tsiro ɗaya, likita ya ce ba abin damuwa ba ne."

"To madalla." Ya juya cokalin. Ya yi ƙoƙarin yin 'yar dariya irin ta ɗakin direbobi, ba ta fito ba. "Ban dai yi shirme ba ko? Irin na Gil-su?"

Mai shagon ta zo ta ƙara musu ruwan sha'ir ta koma.

"Baba, wannan ne karo na biyar da kuka tambaye ni."

"Me na ce?"

"Kun faɗi na watan goma. Kun faɗi na gada, da na shinge. Kuka riƙe mini hannu kuka lissafa sunayen mutum taran da ke cikin motar, ɗaya bayan ɗaya, har da garuruwan da 'ya'yansu suke." Ta share ido. "Wata bakwai, Baba! Har Sori kuka ɗauka a hutun sanyi, a kujerar gaba ta zauna!"

Kunya ta rufe shi, irin wadda bai taɓa ji ba, a gaban yarinyar da ko ƙafarsa ba ta taɓa gani ba safa ba. Amma ko a cikin kunyar, kai, ɗan Adam, sai da zuciyarsa ta fara lissafi. Ita kaɗai ta ji. Suruka ce, in ya roƙe ta za ta rufa masa asiri. Ya sha magani a ɓoye, ya rage sawu, ya kai ƙarshen shekara.

"Maman Sori, saurara. Maganar allura ce, ba a kama ta. Ki bar shi tsakaninmu, ni zan san yadda zan yi. Ko baban Sori kada ki..."

Ta turo masa wayarsa a kan tebur. A saman jerin kira ga sunan Manaja Pyo, ƙarfe sha ɗaya da minti sha biyu, an yi magana minti shida.

"Na hana ku. Nas ma ta ce kada ku yanke wata shawara yau. Kuka ce in ba yanzu ba, ba za ku taɓa iyawa ba. Kuna zaune a bakin gado, muryarku ras, kamar ba a yi muku komai ba. Kuka ce, Pyo, kada ka ƙara ba ni makulli ko na durƙusa maka, zan zuba tsofaffin nan a kogi."

Ya daɗe yana kallon wayar. Wata bakwai yana wuce ƙofar ofishin nan, yau ya shiga, kuma ba ya nan aka yi. Ya lalubi kansa ko zai samo kalma ɗaya, ko sautin muryar Pyo, ko nauyin wayar a kunne. Babu. Daga gada ta farko sai cokali, tsakani ba duhu ba haske, daidai irin na kan hanya, ba abin da ya raba su.

"Gobe ranar kasuwa ce," in ji shi a hankali. "Wa zai ja na ƙarfe bakwai saura? Sai an gaya masa ya jira mai ciwon gwiwa."

"Gil-su. Kun gaya wa manaja. Wannan ma kun tambaye ni."

Ya ɗago ya dube ta sosai.

"Wannan mantuwar ta yanzu, allurar ce, ko kuwa abin ne?"

Ba ta yi masa ƙarya ba, wannan kam a ba ta.

"Ban sani ba, Baba. Likitan ƙwaƙwalwa zai gan mu ƙarfe biyu, a hawa na huɗu. Ku ƙarasa kunun."

Ya sunkuya zai ɗiba, ya tarar kwanon ya kusa ƙarewa.