Tandun Kwallin Hajiya da Kakan Agwagi

Mun tashi da asuba, ana sallame salla, ni da 'yata, ranar Asabar ɗin da ta wuce. Tafiyar ba ta kai a yi mata guzuri ba: daga gidanmu a East Greensboro, nan ƙasar Turawa, zuwa Pleasant Garden, in hanya ta yi kyau, kafin shayi ya huce an isa. Amma ni da na yi shekara talatin ina jan tirela tsakanin Kano da Legas, ban taɓa shiga mota da fargaba kamar ranar ba. Dalili kuwa, ina zargin na kashe mutum. Ku daina murmushi, ku ji yadda aka yi.

Tun da likita ya ce sukarina na neman tattaki, 'yata ta sa mini wani wasa a waya, wanda Turawa ke kira jiyokashin. Mutane ne ke ɓoye 'yan akwatuna a gindin itace ko ƙarƙashin gada, su sa lambobin wurin a intanet. Kibiyar waya ta ja ka har can, ka buɗe, ka sa hannu a ɗan littafi, ka mayar yadda ka tarar. Manya da furfurarsu suna laluben ciyawa kamar masu neman ƙwan zabi, kuma ni ne limaminsu yanzu. A wasu akwatunan akan tarar da abin da nake kira ɗan tafiya: ƙarfe ne ƙarami mai lamba, ɗaure da wani abu, da burin mai shi a rubuce. Wanda ya ɗauka zai sanar a waya, ya riƙe kamar sati biyu, ya ajiye a wani akwatin da ya fi kusa da burin. Amana ce mai bin hannu.

Uwar yaran nan, Allah ya jiƙanta, ta yi shekara uku a garin nan tana cewa in kai ta ta ga teku. Tafiyar awa huɗu ce ko ƙasa da haka. Ina cewa bari sanyi ya wuce, bari zafi ya sauka, har ta sauka kafin zafin. Shi ya sa na ɗaura ƙarfen a jikin tandun kwallinta, ɗan ƙarami na fata wanda ta zo da shi daga gida, 'yata ta rubuta mini da Turanci: a kai ni teku. Ya bi hannu huɗu yana zagaya gari kamar tasi. A watan uku wani mutum ya ɗauke shi daga wani akwati a Sedgefield. Sunansa na wasa, in an juya shi da Hausa, Kakan Agwagi. Ya rubuta cewa shi zai kai. Daga nan shiru, wata bakwai.

'Yata ta karanta mini ladabin abin kamar mai karatun huɗuba. A rubuta sau ɗaya cikin mutunci, a jira wata guda, a sake. In shiru ya yi yawa, a sa alamar ya ɓata, a haƙura, don mutane na da uzuri. Na bi biyun farko. Amma inda na fito, cigiya hawa uku ce, kuma na ukun ba a yin sa da murmushi. Na jira ta tafi aiki, na zauna da Turancina na aji huɗu da yatsa ɗaya, na rubuta masa cewa na ba shi kwana bakwai, in bai fito da kayan matata ba, Allah ya isa tsakanina da shi. A kwana na tara wayata ta yi ƙara, ga sunansa ya fito. Layi uku ne: mai wannan waya ya rasu, kayanka na nan, ka zo Asabar da ƙarfe takwas. Sai lambobin wuri. Ba ranar rasuwa, ba sunan mai rubutu. Na ƙirga kwanakin da yatsu har sau uku, tara suke fitowa.

Mun fara biyawa ta Sedgefield muka ɗauki abokina, dattijon coci ne mutumin Zariya, wanda muke tattakin tare. Hazo ya kwanta a filin ƙwallon attajiran unguwar har ba a ganin tutocin, sai kawunan itatuwa suna iyo a kai. Yana shigowa mota ya miƙo mini laimata da ya ara tun bara.

"Ungo, Alhaji. Ina da jikoki, ba na son a ba ni kwana bakwai."

"Dattijo, yau ba ranar wasa ba ce."

"Ai shi ya sa na kawo ta."

'Yata ta danne dariya ta kama tuƙi. Ni ban ga abin dariya ba, kodayake na karɓi laimar.

Mun tsaya a wani ɗan shagon abinci kusa da gidan mai a bakin gari. Mutanen yankin nan suna karyawa da abin da suke kira biskit, wanda ba biskit ba ne, burodi ne mai maiƙo da ya ƙi girma. Da ƙwai a ciki dala uku da 'yan canji, bayan 'yata ta nanata wa mai sayarwa sau biyu kada naman alade ya ko leƙa. Akwai kuma wani farin tuwon masara da bai gama yanke shawara ko kunu zai zama ba. Mai shagon ta kira ni zuma, ta kira Dattijo zuma, ta kira wani direban babbar mota zuma, sai na gane ba ni kaɗai ba ne. Ni ko loma ban kai baki ba. Dattijo ya taimaka mini da nawa, don kada a yi almubazzaranci.

Da muka miƙi kudu gari ya fara janyewa. Gidaje suka yi nisa da juna, kowanne da filin da zai ɗauki unguwa guda, ciyawa a aske tas, amma ba ko mutum ɗaya a waje. Kuma lokacin nan ne da suke ƙawata gidaje da kayan tsoro. Kabewa mai haƙora a bakin ƙofa, fararen ƙyallaye rataye a rassa suna lilo ba iska, wani ƙwarangwal na roba zaune a kujera kusa da akwatin wasiƙa ya ɗaga hannu kamar ya san da zuwana. Sauran shekaru nakan yi musu dariya, in ce mutanen da ba su taɓa wankan gawa ba ne ke wasa da likkafani. Ranar na kawar da kai. Can gaba wata ciyawa mai yaɗo ta lulluɓe itatuwan gefen hanya tun daga ƙasa har sama, suka tsaya jere cikin hazo kamar mutane a sahu an rufa musu bargo. Barewa biyu suka tsaya a tsakiyar titi, suka dube mu tsawon lokaci, sannan suka wuce a hankali.

Kwalta ta ƙare, muka hau tsakuwa. Tsakuwa ta ƙare a gaban wani tsohon coci na katako, fentinsa ya kwaye, an buga alluna a tagogin. Ungulu uku a kan rufin, fikafikai a buɗe suna shanya. 'Yata ta kashe mota, shiru ya faɗo mana kamar an rufe tukunya. Na kunna wasan. Kibiya ta nuna bayan cocin, taku ɗari uku. Muka bi ta cikin jiƙaƙƙen ganye. Ɗari biyu. Ɗari. Dattijo, wanda bakinsa bai huta ba tun Sedgefield, ya cire hularsa ya riƙe, don shi ya fara hango duwatsun. Maƙabarta ce ƙarama da shingen ƙarfe, wasu duwatsun sun karkace, rubutunsu ya goge. A taku goma kibiyar ta fara juyi, gabas, yamma, gabas. Na san haka take yi in an zo kusa, na sha gani, amma ranar na karanta duk abin da ya zo bakina.

Akwatin na gindin wata itaciya a wajen shinge, na ƙarfe irin na sojoji. Na buɗe. Littafi, fensir, 'yan tarkacen yara. Ba tandu. Ina ɗagowa 'yata ta taɓa kafaɗata ta nuna cikin shingen. Kabari ne da ciyawa ba ta gama rufewa ba, kuma a kan dutsensa an jera 'yan agwagin roba, rawaya, sun fi ashirin, duk sun fuskanto mu, raɓa na ɗiga daga bakunansu.

'Yata ta ce, "Baba, bari in karanta maka."

Na ce a'a, wannan karatun nawa ne. Na durƙusa na bi baƙaƙen da yatsa, yadda malaminmu na aji biyu ya koya mana da bulala. Sunan na tsallake. Layin ƙasa nake nema. A, P, R. Na sake bi. Watan huɗu. Ni kuwa a watan goma na yi rubutuna. Numfashin da na riƙe tun ranar da saƙon nan ya zo ya fita, har na fara hamdala. Ban kai ƙarshenta ba wani lissafin ya faɗo mini: ashe ban kashe kowa ba, gawa na yi wata da watanni ina yi wa cigiya, gawa na ja wa Allah ya isa.

"Kai ne mai saƙonnin."

Daga bayanmu muryar ta fito, da Turanci, kuma babu wanda ya ji takunta. Tsohuwar Baturiya ce 'yar ƙarama da sandar dogarawa, sanye da rigar sanyi ta maza wadda ta yi mata yawa. Gidanta na bayan itatuwan, ta ce, ta ɗan hanyar ƙafa ta zo. 'Yata ce ta yi mana tafinta. Mai kabarin, Kakan Agwagi, mijinta ne. Akwatin nan ma nasa ne, ya ɓoye shi kusa da iyayensa, agwagin kuwa abokan wasansa ne ke kawowa. Tun da ya rasu wayarsa na jone da wuta a gefen gadonsa, ta kasa kashewa, ta kasa buɗewa. In ta haska sai ta juya mata baya. Sai wannan karon ta daure ta duba, ta tarar da nawa guda uku a jere.

"Ka ce Allah zai raba tsakaninku," in ji ta, ba fushi a fuskarta. "Ai ya riga ka isa can. Na ce masa ya fara bayani kafin ka zo."

Dattijo ya yi tari a hularsa. Ni da ƙasa ta tsage da na shige, in da sauran wuri.

Ta sa hannu a aljihun rigar ta fito da tandun. A wannan aljihun ta same shi, bayan ta kwana biyu tana birkita gida, don ba ta san me ake nema ba sai da ta ga ƙarfen. Ta ce tafiyarsa ta ƙarshe ta kamun kifi ce a bakin teku, ƙarshen watan uku. Ya dawo da tari, aka kwantar da shi, bai sake fitowa ba. Ta nuna mana hoto a wayar: tandun Hajiya zaune a kan yashi, kumfar ruwa na gab da taɓa shi, ga inuwar mai ɗaukar hoton ta miƙe a gefe, doguwa, da hula. Ya kai ta. Sanarwa ce kawai bai samu yi ba. Na karɓa na ji ya fi yadda na san shi nauyi. Na zare murfin na karkata a tafin hannuna, yashi ya zubo, fari, gauraye da sauran baƙin kwallinta.

Na juya ga dutsen na yi magana da Hausa, don ba Turancin da zai ɗauki wannan. Na ce, bawan Allah, na janye abin da na faɗa, ba ka ci amanata ba, ka yi abin da ni mijinta na kasa. Sannan na sa 'yata ta roƙa mini gafarar matar. Tsohuwar ta gyaɗa kai, ta gyara wata agwagwa da ta karkace, ta ce in ba damuwa mu rufe akwatin da kyau, mijinta ba ya son ruwa na shiga.

Kafin in rufe na laluba aljihuna, na ji wani abu mai sanyi. Kwaɗon roba ne da ƙarfensa, ɗan tafiyar wasu mutane, wanda na ɗauka wata biyu da suka wuce na mance sam. Dattijo ya dubi kwaɗon, ya dube ni, ya fara naɗe yatsu yana ƙirga sati: ɗaya, biyu, uku. Na jefa shi a akwatin na sanar nan take.

Hazo ya ɗaga a hanyar dawowa, ƙwarangwal ɗin nan ya koma roba kamar yadda yake. Mun iso gida kafin azahar. Bayan la'asar ina zaune da tandun a gabana wayata ta yi ƙara, sunan Kakan Agwagi ya haska, da sanarwar cewa ya kai teku. Na san tsohuwar ce ta cika masa aikinsa, 'yata ta nuna mata yadda ake yi a gabana. Duk da haka sai da na gyara zama kafin in amsa masa da godiya.

To, 'yan wasa, ga abin da na tsinto. In kayan wani na hannunka, ka wuce da shi, in ka makara ka faɗa. In naka ne ya maƙale, ka yi sallama sau ɗaya, ka jira, ka sake, sannan ka kama bakinka, don ba ka san ɗakin da wayar ke haskawa ba, ba ka kuma san wa ke kwance kusa da ita ba. Hawa na uku na cigiya ku bar shi a gida. Ni dai na rubuta wa 'yata lambar buɗe wayata na liƙa a jikin firji, na kuma bar mata wasiyya ɗaya: duk ranar da na tafi, kafin a raba rigunan, a laluba aljihu.