Yadda Gonar Mijina Ta Zama Bolar Gari

A lokacin da abin nan ya faru ni malamar firamare ce a wani ƙaramin gari da ke kan hanyar Zango, da aurena da 'ya'yana, kuma ni ce shugabar ƙungiyar matan unguwarmu. Sana'ar tamu ba wata babba ba ce. Mukan tsinci ledar ruwa mu wanke, mu yanka siri-siri, mu saƙa jakar cefane da 'yan faya-fayi, ranar kasuwa a kai mana. Ina da baki a cikin mata, in na ce a yi, to an yi. Na rubuto muku ne don har gobe ina jin ana shelar irin tallafin da ya jefa ni cikin wahala, kuma ban taɓa samun inda zan zauna in faɗi abin da ya same ni ba.

A rediyo na fara jin cewa gwamnati za ta tallafa wa ƙungiyoyin da ke rage shara da sake sarrafa roba. Na shirya na tafi Daura, na nuna musu aikinmu. Suka zo har gida suka gani, suka yaba, bayan ɗan lokaci aka ce an zaɓe mu. Jami'in da ke kula da shirin ya bayyana mini cewa za a ba mu injin niƙa roba da leda, kamfanonin Kano su riƙa saye, matanmu su sami aikin yi. Sharaɗi ɗaya ne, mu nemi fili, mu tara kaya masu yawa kafin ranar buɗewa, don manyan baƙi su ga da gaske muke.

Fili kuwa ba mu da shi. Abin da ya zo mini a rai shi ne gonar maigidana da ke bayan gari, wadda ya yi shekaru yana kai mata taki, daga ita muke samun geron da muke ci da gyaɗar da muke sayarwa. Bayan an gama girbi na same shi da maganar. Ya ce, "Malama, gona ba ta son leda. Amma in kin tabbata za a kwashe kafin ruwa ya sauka, je ki yi." Na ce na tabbata. Ba ƙarya na yi masa ba, abin da aka gaya mini ke nan.

Na bi gida-gida, mai unguwa ya sa aka yi shela. Jama'a suka amsa fiye da yadda na zata. Ledar ruwa, baƙar leda, fasassun bokitai, jarkoki, tsofaffin silifa, har daga ƙauyukan da ke kewaye ake kawowa a amalanke. Ranar buɗewa aka kafa rumfuna, aka jera kujeru, aka sauke inji sabo fil mai koren fenti. Aka yi jawabai, aka ɗauki hotuna ina tsaye kusa da shi. Ba wanda ya kunna shi. Da na tambaya, jami'in ya ce injin babbar wuta yake sha, irin wadda babu ita a garinmu, amma janareta da rumfa da shinge suna nan tafe a kashi na biyu. Suka shiga motocinsu suka tafi.

Daga nan na zama 'yar hanyar Daura. In na tashi daga makaranta sai in hau mota, in je in zauna a kan benci a bakin ofis har la'asar. Yau a ce maganar tana Katsina, gobe a ce wanda zai ba da izini ya yi tafiya. Ana nan aka yi wa jami'in canjin wurin aiki, wanda ya gaje shi ya ce shi bai san da zancen kashi na biyu ba. Wani Inyamuri mai sayar da kayan gyaran babur a garinmu ya ji tausayina, ya kira wani saninsa a Kano ko za su sayi kayan a haka. Aka ce masa leda in ba a niƙa ba ba ta kai a ɗauko mata mota.

Mutane kuma ba su daina kawowa ba, sai dai yanzu ba sa warewa. Toka, tsumma, sharar tsakar gida, har mushen kaji. Na tsaya a bakin gonar ina roƙonsu, su ce ai ni na ce a kawo. Matan ƙungiya suka fara janyewa ɗaya bayan ɗaya, wasu mazansu suka hana su. Sai magana ta bazu cewa kuɗi aka ba ni na cinye. In na shiga gidan biki sai hira ta tsaya.

Ruwa ya sauka tsibin yana nan. Iska ta watsa leda cikin gonakin maƙwabta, ruwa ya taru a bokitai, sauro ya cika unguwa, ga wari. A shekarar maigidana bai shuka gonarsa ba, sai ya ari wata jigawa can nesa, kullum ya dawo a gajiye. Bai taɓa gaya mini magana mai zafi ba. Da ma ya yi faɗan, da na fi samun sauƙi.

Abin da ba zan manta ba shi ne na wani dattijo da gonarsa ke jikin tamu. Shanun huɗa biyu gare shi, da su yake noma nasa, ya yi wa wasu. Ɗayan ya daina cin abinci, cikinsa ya kumbura, dole aka yanka shi kafin ya mutu. Da mahauci ya farke tumbin, sai ga dunƙulen leda a murɗe. Dattijon ya ɗauko shi a daro, ya yi sallama a ƙofar gidanmu, ya ce a kira ni. Ya ajiye a gabana ya ce, "Ɗiyata, ga abin da kika tara mana. Ki gaya mini, da me zan yi huɗa bana?" Na durƙusa a gabansa.

Magana ta kai gaban dagaci, wasu na zuga dattijon ya kai mu wurin alƙali. Maigidana bai bari an kai ga haka ba. Ya shiga turke ya kwance nasa san, ya ja shi da kansa ya kai wa dattijon. Da ya dawo ya tarar da ni ina kuka, ya ce, "Ki share hawayenki. Ni na ba ki gonar, da sanina na ba ki." Ya ɗauki butarsa ya fita masallaci.

Ƙarshe da hannunmu muka yi aikin. Muka ƙona abin da zai ƙonu, duk da mun san hayaƙin ba shi da kyau, na yi makonni ina tari. Sauran muka haƙa rami muka binne. Injin ya zauna ƙarƙashin tamfol yana tsatsa, ba damar sayarwa tun da na gwamnati ne. Daga baya wasu suka zo da mota suka ɗauke shi, wai za a ba wata ƙungiya. Ɗaya daga cikinsu har yana tambayata ko shirin ya yi nasara.

Yau gonar ta dawo noma, amma ba ta bayar da abin da take bayarwa a da. Duk inda garma ta bi sai ta tono leda. Mutanen gari kuma sun sa wa wurin suna Bolar Malama, har direbobi da shi suke kwatance. Ƙungiya ta watse, na daina saƙa, in aka kira taro ba na zuwa. Ba fushi nake yi ba, gajiya ce.

Ban ce aikin rage leda ba shi da kyau ba. Na ga abin da take yi wa ƙasa da dabbobi fiye da kowa. Abin da na koya shi ne, masu kawo tallafi ranar buɗewa tasu ce, sauran kwanakin kuwa naki ne ke da maƙwabtanki. 'Yan'uwana mata, in an zo muku da irin wannan, kada ku tara ko leda ɗaya sai kun ga inji yana aiki a gaban idonku, kun san mai saye, kun san wanda zai kwashe in abu ya tsaya. Kada kuma ki ɗauki abin da gidanku ke ci ki jingina shi da alkawarin wanda ba a garin yake kwana ba. Ni na yi, kuma maigidana da ya ɗauki nauyin asarar bai halarci taro ko ɗaya ba, ba ya ma cikin hoton.